In na rage ƙiba, idona zai warke?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, shekarata 46, aure ya kawo ni Makka tun ina da ƙuruciya, 'ya'yana biyar. Shekara 9 ke nan da aka ce ina da ciwon suga, ina shan ƙwaya iri biyu. An kuma ce jinina yana hawa, amma gaskiya maganin jinin sai na ji ciwon kai nake sha. Nauyina kilo 98, tsawona santimita 160, gwajin tarakumi na ƙarshe, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ya nuna 10.4.

Kwanan nan in ina karatun Alƙur'ani sai in ga layukan suna lanƙwashewa, kuma a idona na dama ina ganin wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo. Na je shagon tabarau an sake mini gilashi, ban ga bambanci ba. Maƙwabciyata ta ce ƙiba ce ta taɓa mini ido. Ita tana yin allurar rage ƙiba ta mako-mako, ta zubar da kilo 14, ta ce za ta samo mini ba sai na ga likita ba. Wata kuma ta ce in je a yi mini takmim, a rage mini tumbi. Yayar mijina ta ce duk zance ne, ai ƙanin babansu siriri ne ƙwarai amma suga ya makantar da shi, don haka ƙiba ba ruwanta da ido. Maigidana kuma ba ya son in rame, ya ce in muka je gida za a ce ba ya kula da ni. Ni kuma tsoron asibitin ido nake, kar a ce za a yi mini allura a cikin ido. Don Allah Anti, ƙiba ce ke ɓata mini ido? In na rage zai warke? In karɓi allurar maƙwabciyata?

Uwar biyar, daga Makka

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Zan amsa miki duka, amma akwai abin da ba zai jira ba: ki ga likitan ido a cikin makon nan. Mai shagon tabarau yana auna ƙarfin gilashi ne kawai. Wanda kike bukata shi ne likitan da zai ɗiga miki magani ƙwayar idon ta buɗe, ya duba can baya, ya ɗauki hoto. A asibitocin nan ki ce musu kina son fahsu ƙa'il ain, kina da sukkari shekara 9, kuma layi yana lanƙwashe miki. Lanƙwashewar layi a wurin mai suga sau da yawa ruwa ne ya taru a tsakiyar wurin gani. Ƙudajen kuwa suna iya zama na shekaru kawai, mutane da yawa suna ganin su, amma suna iya zama ɗigon jini a cikin ruwan ido, kuma na'urar likita ce kaɗai ke raba su. Idan kuma kafin ranar kika ga ƙudajen sun ƙaru farat ɗaya, ko walƙiya tana gilma miki, ko wani duhu ya sauko ya rufe gefen gani, ko jan hayaƙi ya cika idon, to ranar za ki tafi, ko da dare ne. Ki tafi da wanda zai riƙe miki hannu da baƙin tabarau, don maganin ɗigon yakan sa gani ya yi dishi-dishi na 'yan sa'o'i, kuma kin san ranar Makka.

Bari in bayyana miki abin da ke faruwa a cikin idon, don in kin gane shi sauran maganar za ta yi sauƙi. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani, shi ne likitocin nan ke kira shabakiyya. A kansa hoton duk abin da kike kallo yake sauka, kafin jijiyar gani ta kai shi ƙwaƙwalwa. Hanyoyin jinin da ke ciyar da shi ƙanana ne ƙwarai. Idan suga ya daɗe yana sama, shekara da shekaru, bangon waɗannan hanyoyi yakan yi rauni. Wasu su kumbura su fara tsattsafo da ruwa da kitse, wasu su toshe gaba ɗaya. Inda jini ya daina isa, sai idon ya shiga tsiro da sababbin hanyoyi don ya ceci kansa, amma sababbin ba su da ƙwari. Su ne ke fashewa su zubar da jini, su ne kuma ke barin tabon da ke jan tantanin har ya ɗaga shi daga mazauninsa. Duk wannan yana iya yin nisa ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi, mutum yana gani garau. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu suga a duniya ciwon ya riga ya taɓa musu wannan tantani, kuma wajen ɗaya cikin goma abin ya kai matakin da ke barazana ga gani. A babban binciken da aka yi a Birtaniya kan masu suga fiye da 5,000, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, an tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku sun riga sun sami taɓuwar ido tun ranar da aka fara gano ciwon a jikinsu. Ke kuma shekara 9, kuma daga wasiƙarki ban ga alamar an taɓa buɗe miki ido an duba ba.

To ina ƙiba ta shigo? Maƙwabciyarki da yayar mijinki kowace ta riƙe wani ɓangare na gaskiya. Abubuwan da aka tabbatar suna lalata wannan tantani su ne daɗewar ciwon, tsayin suga, da hawan jini, sai kitsen jini da ciwon ƙoda a bayansu. Ƙiba ba ita ke shiga ido da kanta ba, amma ita ke ingiza kusan duk waɗannan. Kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji, yana hana insulin yin aikinsa yadda ya kamata, shi ya sa kike shan ƙwaya biyu amma tarakumi yana 10.4, alhali abin da ake nema ga yawancin masu suga shi ne wajen 7. Ƙibar nan kuma tana ɗaga jini. Tana kawo minshari mai ɗauke numfashi cikin barci, wanda ke rage iskar da ke isa ga ido cikin dare, kuma an ga yana tafiya tare da kumburin tsakiyar tantanin. Ki tambayi maigida ko yana jin numfashinki yana tsayawa in kina barci. In ya ce e, ki faɗa wa likita, akwai gwajinsa akwai maganinsa.

Maganar jinin ita ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, fiye da kilo 98 ɗin. Hawan jini ba ya sanarwa da ciwon kai. Yana iya zama 160 kina jin ki sarai. Ki ɗauki hanyoyin jinin idonki kamar tsohon tiyo: suga ya riga ya cinye bangonsa, hawan jini kuma shi ne ƙara ƙarfin famfo a kansa. A binciken Birtaniyan nan, waɗanda aka tsare wa jini sosai, jininsu ya tsaya wajen 144 bisa 82 maimakon 154 bisa 87, sun sami raguwar ci gaban ciwon ido da kashi 34 cikin 100. Tazarar lambobin ba ta da yawa, amma dubi abin da ta haifar. A yau ma likitoci ƙasa da 130 bisa 80 suke nema wa yawancin masu suga. Wannan kariya ce da ke cikin durowarki yanzu haka, ba sai kin zubar da ko kilo ɗaya ba. Ki riƙa shan maganin jinin kullum, a lokaci guda, ko da ciwon kai ko babu.

Shi kuma ƙanin baban nasu, Allah Ya sa kaffara ne a gare shi, labarinsa bai wanke ƙiba ba. Mai suga yana ramewa ta hanya biyu. Akwai ramar da mutum ya nema da gyaran abinci da motsa jiki. Akwai kuma ramar da ciwon ke jawowa: suga ya yi yawa har yana bin fitsari, jiki ya kasa amfani da abinci, sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Irin wannan rama alama ce ciwon ya gagara, kuma masu ita suna cikin waɗanda ido ya fi saurin lalacewa. Wasu kuma tun asali sirara ne, jikinsu ne bai iya yin isasshen insulin. Saboda haka ne ma in aka tara masu suga aka auna nauyinsu da idonsu, sakamakon yakan rikice. Wani bincike a Singafo a 2016 ya ga cewa masu nauyi ba su fi sirara ciwon ido ba, har ma sun ɗan yi ƙasa da su, amma matan da ƙibarsu ta taru a ciki, masu teɓa, ciwon idonsu ya fi tsanani. Don haka ki ajiye sikeli na ɗan lokaci ki ɗauko tef ɗin tela. Ki auna cikinki wajen saitin cibiya, kina tsaye, bayan kin fitar da numfashi. Abin da ake so shi ne kada zagayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum. Ke mai santimita 160, rabinki 80 ne. Ba yau za ki kai can ba, wataƙila ba bana ba, amma duk santimitar da ta sauka daga nan ta fi miki amfani a kan wadda ta sauka daga cinya.

Tambayarki ta biyu, ko idon zai warke in kin rage ƙiba, ba zan yi miki alkawarin da ba haka ba. Rage ƙiba yana saukar da suga da jini, su kuma saukarsu tana rage saurin ɓarnar, har ta tsayar da ita a wurin mutane da yawa. Ƙididdigar binciken Birtaniyan ta nuna duk maki ɗaya da tarakumi ya sauka, haɗarin lalacewar ƙananan hanyoyin jini, na ido da ƙoda, yana raguwa da kusan kashi 37 cikin 100. Daga 10.4 zuwa 7 kina da riba mai yawa a gabanki. Amma ruwan da ya riga ya taru a tsakiyar tantani, ko hanyar da ta riga ta fashe, rage cin shinkafa ba ya ɗauke su. Aikin likitan ido ne. Ana kuma yawan yaɗa cewa rage ƙiba yana kawar da suga gaba ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya: a wani gwaji a Sikotland da arewacin Ingila da aka wallafa a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage nauyi mai tsanani sun koma ba sa bukatar maganin suga bayan shekara guda, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Sai dai duk mutanen ciwonsu bai wuce shekara 6 ba. Mai shekara 9 damarta ta ragu, ko da yake ba ta ƙare ba. Kuma ko suga ya kwanta, duba ido duk shekara ba ya faɗuwa.

Yanzu allurar maƙwabciya. Kada ki karɓa. Ba don maganin ba shi da kyau ba. Waɗannan allurai, irin su Ozempic da Mounjaro, magunguna ne na gaske, suna saukar da suga da nauyi, kuma mai yiwuwa likitanki da kansa ya rubuta miki ɗaya nan gaba. Matsalar ita ce halin da idonki yake ciki yau. Akwai wani abu da likitoci suka daɗe da sani, wanda ba kasafai ake faɗa wa marasa lafiya ba: idan suga ya daɗe a sama sosai, sannan aka fizgo shi ƙasa cikin 'yan makonni, ciwon tantanin ido yana iya ƙaruwa a watannin farko kafin ya lafa. An ga haka tun a babban gwajin Amurka da Kanada da ya ƙare a 1993, kan masu suga nau'i na ɗaya su 1,441. Tsare suga sosai ya rage musu kamuwa da ciwon ido da kashi 76 cikin 100 a ƙarshe, amma a shekarar farko wasu idonsu ya fara taɓarɓarewa tukun. An sake gani a 2016 a gwajin maganin da ke cikin Ozempic: matsalar tantanin ido ta sami mutum 3 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin, ƙasa da 2 cikin 100 na waɗanda ba a ba su ba, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa masu tsohon ciwon ido ne da tarakumi mai tsayi wanda ya faɗo da sauri. Ki dubi siffar nan da kyau: suga mai shekaru, tarakumi sama da 10, ido ya fara nuna alama. Ke ce aka kwatanta.

Wannan ba dalili ba ne na barin suga a sama, ko kusa. Barin sa a 10 shi ne hanyar makanta mafi tabbas. Dalili ne na bin abu daki-daki: a duba ido, a yi maganin abin da aka gani, sannan likitan suga ya sauko da shi a hankali, yana sane da rahoton likitan ido, ana sake duba idon bayan 'yan watanni. Sannu ba ta hana zuwa. Allurar da aka miƙo ta katanga kuwa ba wanda ya san idonki, ba wanda ya rage miki ƙwayoyin da kike sha don kada suga ya faɗi warwas, ba wanda ya san ko ta kwana a firiji ko ta sha zafin mota. Ga jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan allurar Ozempic ta bogi da aka kama a ƙasashe uku. Takmim ma hukuncinsa ɗaya. Da nauyinki da tsawonki da ciwon suga, kina cikin waɗanda likitoci ke iya duba yiwuwar yi musu, kuma yana taimakon mutane da yawa, amma yana saukar da suga cikin kwanaki, don haka ana duba ido kafinsa da bayansa. Duk wanda zai yanka ki bai tambayi idonki ba, ki nemi wani.

Na ji tsoronki na allura a ido, kuma ba na raina shi. Kowa ya ji sunan sai gabansa ya faɗi. Da farko ba kowa ake yi wa ba. Mai yiwuwa a ce miki abin bai yi nisa ba, ki gyara suga da jini ki dawo bayan wata kaza. In kuma an ga kumburi a tsakiya, allurar ce maganin da ya fi aiki a yanzu, irin su Avastin da Lucentis da Eylea. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon, a shigar da ita ta gefen farin, ba ta baƙin da kike gani da shi ba, kuma shigarta daƙiƙu ne. Yawancin mutane danni suke ji, ba zafi ba. Akan fara da wata-wata sannan a tsawaita, kuma mutane da yawa ganinsu yana ƙaruwa da ita. Idan sababbin hanyoyin jini ne suka tsiro, akwai leza, wadda tun shekarun 1970 aka tabbatar tana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. Dukansu sun fi aiki in an zo da wuri. Kafin nan kada ki ɗiga komai a idon, ko zuma, ko man habbatus sauda, ko wani haɗi. Ciwon yana can baya inda ɗigo ba ya kaiwa, abin da zai samu kawai shi ne gaban idon ya ƙone ko ya kamu da ƙwayar cuta. Zamzam ki sha da niyyar waraka, ki yi addu'a a inda Allah Ya ajiye ki, ki kuma je asibiti. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Rage ƙibar da nake so ki fara ba ta bukatar allura. Kilo 5 zuwa 10 a cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, ya isa ya motsa suga da jini a fili. Rabin kilo a mako ya wadatar. Ki fara da abin sha, don nan ne suga ke shiga ba a sani ba. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da kusan cokalin shayi 8 zuwa 9 na suga; ba banza ba gwamnatin Saudiyya ta ɗora masa harajin kashi 50 cikin 100 a 2017. Ki haɗa da shayin da ake zuba wa cokali uku, da asir, wato jus, na kwali, da furar da aka dama da suga, da kunun gyaɗa mai zaƙi. In kin kawar da waɗannan kaɗai za ki ga lambar na'urarki ta auna suga ta canza cikin makonni biyu. Sai shinkafa. Mu a nan abinci biyu muka haɗa: da safe tamis da ful, da rana kabsa ko bukhari, da dare tuwon shinkafa ko masa, tsakani kuma burost in yara sun shigo da shi. Ba na cewa ki daina ci da iyalinki. Ki ɗebi naki a ƙaramin faranti kafin a zauna wa babban tire, don a tire hannu ba ya sanin iyakarsa. Rabin farantin ganye da salatin, kwata nama ko kifi ko wake, kwata shinkafa ko tuwo. Miyar kuka, kuɓewa, lalo da ake kira mulukhiyya, zogale, adas, ful ba tare da tafkin mai ba, laban marar suga, duk naki ne. Tamis rabi ya isa. Dabino biyu ko uku tare da gahawa, ba kwano ba. Abu ɗaya: ki gaya wa likita kin rage abinci, don wasu ƙwayoyin suga suna iya faɗar da shi ƙasa da 70 in ci ya ragu. In kika ji rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani, ki auna, ki sha abu mai zaƙi nan take.

Tafiya minti 30 a yawancin ranakun mako, bayan asuba ko bayan isha saboda zafi, ko minti 10 bayan kowane abinci ko da a cikin falo ne. Ke kuma Allah Ya ba ki abin da miliyoyi ke kuka a kansa: ɗawafi tafiya ce, kuma ibada ce. Ki sa safa mai kauri, ki duba tafin ƙafarki in kin dawo, don suga yakan kashe jin zafi a ƙafa. Amma har sai likitan ido ya ba ki izini, ki bar ɗaga abu mai nauyi, jarkar zamzam ko tukunyar gas ko buhun shinkafa, don yunƙuri yana iya fasa hanyar jini mai rauni. In azumi ya matso, ki ga likita wata ɗaya ko biyu kafin ya kama, a gyara miki lokutan magani. Mai suga yana karya azumi in na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300. Sobiya da Vimto da luƙaimat kuwa, a bana ki bar wa baƙi.

Batun maigida ki bi shi da lallashi, don abin da ya faɗa daga kulawa ya fito. A wurinmu matar da ta yi ɓul-ɓul ita ce shaidar miji yana ciyarwa, kuma wadda ta dawo daga Makka a rame sai an yi ta tambayar ko lafiya. Wannan tunani ne ma yake sa wasu 'yan matanmu shan ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu suna ɗauke da maganin da ke ɗaga suga, ya kawo yanar ido da hawan ruwan ido. In kina da 'ya'ya mata da suka tasa, ki sa musu ido a kan wannan. Kada ki yi gardama da shi a kan kyau ko rama. Ki roƙe shi ya raka ki asibitin ido, ya zauna ya ga hoton bayan idonki a allon likita, ya ji bayani da kunnensa. Maza da yawa da ba sa jin magana a gida suna jin ta a gaban likita. Ki kuma nuna masa lissafin: daga 98 zuwa 90 ba wanda zai kira ki ramammiya a Kano, amma zai iya zama bambanci tsakanin ki ci gaba da karanta Alƙur'aninki da kanki ko a riƙa karanta miki. In ya yarda, ki ja shi cikin gyaran abincin, ya auna nasa sugan shi ma, tunda akwai ciwon a danginsu.

In kuɗi ko takardu ne za su tsaya miki, kada ki yi shiru da shi. Duba bayan ido ba aiki ne mai tsada sosai ba a yawancin mustausaf, wato ƙananan asibitoci, masu likitan ido, kuma ya fi kuɗin allurar wata ɗaya ta maƙwabciya sauƙi. Kina iya kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ki nemi shawarar inda za ki. Akwai kuma ƙungiyoyin agajin lafiya a yankin Makka da Jidda, irin su Jam'iyyar Zamzam, da za ki iya tuntuɓa ki ji sharuɗɗansu in an rubuta miki magani mai nauyi. Ranar zuwa ki tafi da kwalayen duk magungunanki da takardar tarakumi, ki roƙi a haɗa miki da gwajin ƙoda na jini da fitsari, don ƙananan hanyoyin jinin ido da na ƙoda tare suke lalacewa. Ki karɓi rahoton ido a rubuce ki kai wa likitan suga, a gabansa za a yi maganar allura ko takmim.

Maƙwabciyar taki kuma ki yi mata godiya, alheri take nufin ki da shi. Amma ki tambaye ta ko ita ma tana da suga, kuma ko an taɓa buɗe mata ido an duba tun da ta fara allurar. In ta ce tana da shi kuma ba a duba ba, ki kama hannunta ku tafi tare.